Fim ɗin faɗakarwa da fim ɗin zahirin rayuwa: a ina suka rabu?

Ɗan'uwa, ka ce kana rubuta labarin wani manomin shinkafa a fadamar Argungu wanda ambaliya ta cinye wa gona ga bashi a wuyansa, kuma kana son sanin ko tunda akwai talauci da hawaye a ciki ya zama fim ɗin zahirin rayuwa, ko kuwa faɗakarwa ce irin wadda muka saba kallo. Talauci ba ya raba su, duka biyun talaka suke nunawa. Abin da za ka duba shi ne wa aka ɗora wa laifi, da yadda aka rufe labarin.

A fim ɗin faɗakarwa, masifa tana da mai ita. Ko mugun kawu ne ya danne gado, ko kishiya ce ke bin bokaye. Kafin a tashi asirinsu ya tonu, sun durƙusa suna neman gafara, ko wani Alhaji ya shigo ya share wa kowa hawaye. A na zahiri kuwa, sau da yawa sai ka nemi mugun ka rasa. Mai ba da bashi haƙƙinsa yake nema, ma'aikacin ofis ƙa'ida yake bi, ɗan kasuwa farashin ranar ya faɗa, amma ga mutum yana nutsewa a gabanka. Tsarin da ya haɗa su shi ake so ka gani.

Ɗauki fim ɗin Vittorio De Sica na 1948 a Italiya, kan mutumin da aka sace wa keke. Ya samu aikin manna takardun talla a birnin Rum, aikin kuma ba ya yiwuwa sai da keke. Matarsa ta kai zannuwan gadonsu jingina aka fanso keken, ranar farko ɓarawo ya ɗauke. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda kyamara ta bi ma'aikacin da ya karɓi zannuwan yana hawa kanta, sai ga ƙunshin zannuwan wasu mutane jibge har rufi. Babu wanda ya buɗe baki ya yi wa'azi, amma ka gane dubban gidaje ne a wannan hali. A ƙarshe shi ma ya gwada satar keke, aka kama shi a gaban ɗansa, kuma bai ga nasa ba har fim ya ƙare. Wanda ya fito a matsayin uban yaron, ma'aikacin masana'anta ne, bai taɓa zama jarumin fim ba.

Kada ka ɗauka abin na Turawa ne kawai. Ousmane Sembène na Senegal ya yi Mandabi a 1968 da harshen Wolof. Wani magidanci mai mata biyu a Dakar aka aiko wa kuɗi daga Faris ta gidan waya, aka ce sai da katin shaida, katin kuma sai da takardar haihuwa da hoto. Yana ta zirga-zirga, maƙwabta sun ji labari sun cika masa gida da roƙo, bashi na ƙaruwa. Duk wanda ya taɓa bin layin neman takarda ya san wannan mutumin.

Sauran bambance-bambancen daga nan suke fitowa. Faɗakarwa tana son gida mai kyau, jarumin da aka sani, kiɗan tausayi da ke gaya maka lokacin kuka, da waƙa a tsakiya. Na zahiri yana shiga gidan ƙasa na gaske da hasken rana, ya bar kukan jaki da ƙarar injin ban-ruwa su zama kiɗansa, ya tsaya ya nuna aiki: dashe, yanka, sussuka, awo. Sai harshe, wanda ya daɗe yana ci mini rai. A yawancin finafinanmu, mai magana da Sakkwatanci ɗan ban dariya ne. Idan manominka na Argungu ya buɗe baki da Kananci, ka riga ka fita daga zahiri.

Gwada su a kan abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje. Mai faɗakarwa zai ba ka uba mai kwaɗayi da ya ƙi jin magana, ya rasa ɗansa, ya yi nadama. Mai zahiri zai fara nuna maka abin da gero ke kawowa a shekara da abin da zinari ke kawowa a mako, da nisan asibiti, har ka tambayi kanka ko kai ma da ba ka niƙa ba. Na biyun ya fi yi wa waɗannan iyaye adalci, kuma shi nake goyon baya.

Ban raina faɗakarwa ba. Tana da masu kallo, tana mayar da kuɗi, kuma mutumin da ya wuni cikin wahala yana da haƙƙin ya ga gaskiya ta yi halinta ko da a allo ne. Sai dai labarinka ya fi ƙarfin mugu ɗaya. A Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a 2015, ambaliyar 2020 kuma ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a jihar. Idan ka ƙirƙiro kawun da ya fasa madatsa da dare, ka wanke duk wannan.

Kasuwar fim ɗin zahiri tana da wuya, don haka ka fara da gajere. Borom Sarret na Sembène, na 1963, kan wunin wani mai amalanke a Dakar, bai wuce kimanin minti 20 ba. Ka nemi izinin mutanen gari tun kafin ka kai kyamara, ka biya manoman da suka fito, kuma mafi yawan kuɗinka su tafi wajen ɗaukar sauti, domin iskar fadama tana cinye magana.