Gwaten 'yar Bukuru a bayan tashar jirgi ta Sabon Gari

Ciwon suga ne ya kai ni wajen matar nan, ba kwaɗayi ba. Tun da likita ya ce in rage shinkafa da tuwon masara in koma acca, uwargida ta yi iya ƙoƙarinta, amma accar da take sayowa a kasuwa ba ka kai loma uku ba ka ji ƙaras a haƙori. Wani abokina da muka yi koyarwa tare a Tudun Wada shi ya ce in je bayan tashar jirgin ƙasa ta Sabon Garin Zariya, wajen tsofaffin gidajen reluwe, in tambayi rumfar 'yar Bukuru, garin nan na kusa da Jos. Ba allo, ba suna. Haka kowa ke kiranta, har 'yan acaba.

Rumfa ce ta kwano, benci uku, tebur biyu, da randa a gefe. Abincin ma ba shi da yawa: gwaten acca kullum, tuwon acca da miyar karkashi ko kuka, sai faten dankalin turawa duk ranar da lodinta ya iso daga Jos. Wata huɗu ke nan ina zuwa, don haka abin da zan faɗa ba na cin rana ɗaya ba ne.

Gwaten shi ne magana. Ba ta zuba mai ko cokali ɗaya. Yakuwa ce ke ba shi tsami, gauta ta ba shi ɗan ɗaci a bayan harshe, ga alayyafo, ga ƙashi mai guringuntsi da ya dahu har kana taune shi. Ruwa-ruwa take yin sa, ba irin faten tsakinmu na Zazzau da cokali ke tsayawa a ciki ba. Ranar farko na ce ko ta ƙara kauri. Ta ce, "Malam, wannan abincin garin sanyi ne, shan sa ake yi da zafinsa." Na bi maganarta, kuma ta fi ni gaskiya.

Abin da ya fi ba ni mamaki, a wata huɗun nan ban taɓa tauna tsakuwa ba. Duk wanda ya san acca ya san ƙwayarta da yashi kusan girmansu ɗaya. Da na tambaye ta sirrin, sai ta yi dariya ta ce, "Hannun da ya wanke kuza ai acca ba za ta gagare shi ba." Ashe tun tana yarinya take bin mahaifiyarta bakin kududdufan da kamfanoni suka haƙa suka bari a bayan Bukuru, suna rairayar ƙasa a ƙwarya. Ta ɗauko ƙwaryar ta nuna mini. A wankin kuza, baƙar ƙwayar ce mai nauyi, ita ke kwantawa a gindi, yashi ya bi ruwa. A wankin acca kuwa yashin ne ke kwantawa, accar ta bi ruwa zuwa ɗaya ƙwaryar. Juyin hannu ɗaya ne, abin da ake zubarwa ne ya bambanta. Sau huɗu take rairaye kowane mudu, ita da kanta, ba ta barin yaran su taɓa.

A nan hira ta ɓarke tsakaninmu, don ni ma ina da rabo a ƙasar can. Kakana na wajen uwa, mutumin wani ƙauye ne kusa da Soba, yana cikin waɗanda aka kwasa a ɗiban gwamna. A 1942, bayan Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai aka ɗora wa lardunan Arewa kawo leburori dole, har zuwa 1944. Ya yi 'yan watanninsa yana ɗaukar ƙasa a kwanon sarki, ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba har ya bar duniya. Abin da yake yawan faɗa shi ne sanyi. Mutumin da ya saba kwana a tsakar gida, an kai shi tudun da ya haura mita 1,200. Da yawa ba su dawo ba.

Da ina tsammanin a mota aka kai su. Wani dattijo ɗan fanshon reluwe da ba ya fashin zuwa rumfar, wanda kowa ke ce wa Baba, shi ya gyara mini zance. Ya ce, "Yaro, a ƙaramin jirgin Bauchi aka loda su." (Na kusa sittin, amma a wajen Baba yaro nake.) Layin daga nan Zariya ya tashi, ya bi ta Soba, Dutsen Wai, Rahama da Jengre, ya hau dutse zuwa Jos, ya tsaya a Bukuru, mil 143. An fara aikinsa a 1911, ya kai Rahama a 1912, ya kai Bukuru a 1914. Bai taɓa zuwa garin Bauchi ba; sunan ya samo asali ne daga cewa tudun Jos a lokacin a lardin Bauchi yake. Kafin shi, a ka ake ɗaukar kuza har Loko a bakin Binuwai.

Faɗin layin ƙafa biyu da rabi ne, babban layin Legas zuwa Kano kuwa ƙafa uku da rabi, saboda haka dole a sauke buhunan kuza a Zariya a sake loda su a manyan taragu. Baba ya ce aikin da ya ciyar da gidansu ke nan. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, kuza ta koma bin hanyar Fatakwal, ƙaramin jirgin ya zama na fasinja da kayan gona har aka rufe shi a 1957. Baba ya shige shi yana yaro, kuma yana rantsuwa cewa a hawan dutse mutum kan sauka ya kama ruwa ya dawo ya tarar da taragonsa. Wannan kam ban sa hannu ba.

Ita Mama mai rumfar ba ta cika son zancen jirgi ba, zancen gari take so: ranar biyan leburori da kasuwa ke cika, zamanin manyan kamfanonin haƙar kuza irin su ATMN, wutar lantarkin kamfanin NESCO daga Kura Falls da take cewa ba su san ɗaukewarta ba, da yadda gari ya yi sanyi bayan farashin kuza ya faɗi a 1985, mutane suka koma noman rani na kabeji da karas da ruwan kududdufan nan. Bayan rikicin Jos na 2010 ta taso da 'ya'yanta. A kan wannan ba ta tsawaita magana, ni ma ba na tonawa. In hunturu ya shiga muna ƙudundune a benci, sai ta ce mutanen Zazzau ba mu san sanyi ba, labarinsa muke ji.

Akwai abin gyara. Gwate ba ya sauka kafin ƙarfe ɗaya, wata rana har da rabi, kuma kafin la'asar tukunya ta ƙare. Sau biyu ina tasowa daga Samaru in koma da yunwata. Da azahar rumfar kwanon nan kamar tanda take. Ruwan wanke hannu a roba ɗaya ne kowa ke tsoma hannu, na yi magana an kawo buta, bayan mako guda butar ta ɓace. Miyar kukarta kuma ba ta kai ta gida ba, daddawa ta yi mata kaɗan, don haka in tuwo za ka ci, ka ce karkashi.

Kwanon gwate naira 1,200 nake biya, da ƙarin ƙashi 1,500. Tana sayar da wankakkiyar acca busasshiya a mudu, amma sai ka faɗa mata kwana biyu kafin nan. Ita nake kai wa uwargida yanzu. Ranar Lahadi ba ta fitowa, kuma ka riƙo kuɗi a hannu, ba ta karɓar tiransifa.