Tausa a Legas: wacce ta dace da gajiyarka kafin ka biya kuɗi?

Mai dako a kasuwar Mile 12, direban tirela da ya kwana a layin Apapa, ɗan canjin da ya wuni a kan benci, da ma'aikaciyar da gosulon gadar Third Mainland ke daskarar da ita a kujerar danfo, duk cewa za su yi jiki ya yi tsami. Amma gajiyar ba iri ɗaya ba ce, hannun da zai warware ta ma ba ɗaya ba ne. Asarar da aka fi yi ita ce mutum ya shiga gidan tausa ya zaɓi mafi tsada, yana zaton ita ce mafi amfani.

Kafin maganar zaɓi, ka tantance gajiya ce ko ciwo. In sharaɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo, musamman bayan doguwar tafiyar mota daga Arewa, bayan tiyata, ko cikin makonni 6 na farkon jego, kada kowa ya murza ta. Yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, matsa shi kuwa na iya tura gudan zuwa huhu. Haka ciwon bayan da ke sauka ƙafa har ta mutu ba a jin taɓi, ko zazzaɓi, ko targaɗen da bai wuce kwana biyu ba. Waɗannan na likita ne. Akwai sashen gashin ƙashi a asibitin ƙashi na Igbobi, da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba, da na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja, ma'aikatansa kuma suna ƙarƙashin hukumar MRTB mai ba su lasisi.

In gajiya ce zalla da rashin barci, tausar Suwidin ta ishe ka. Da mai ake yin ta, da doguwar shafa da murza mai sauƙi, yawanci minti 60 ko 90. Ita muke ba wanda bai taɓa yi ba shawara, don ba kasafai take barin tsamin jiki washegari ba.

Tausa mai zurfi kuwa ta wanda tsokar kafaɗa, wuya ko ƙugu ta ɗaure masa ce, irin direba da tela. Mai yin yana sa babban yatsa, dunƙulen hannu ko gwiwar hannu, yana shiga a hankali. A nan aka fi ɓarna, saboda mutanenmu sun ɗauka in ba a ji zafi ba ba a yi aiki ba. Ba haka ba ne. Tsokar da aka danna fiye da ƙima sai ta ƙara ɗaurewa don kare kanta, a tashi da kwanciyar jini. Ka auna zafin daga 1 zuwa 10. Ya wuce 6 ko 7, ko ka ji kana riƙe numfashi kana cije haƙora, ka ce a sassauta, haƙƙinka ne. Gwani yakan ɗumama wurin da shafa na wasu mintuna kafin ya danna, kuma ba ya danna kan ƙashin baya kai tsaye, gefe da gefensa yake bi. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, da tsohon da ƙashinsa ya yi rauni, su bar wannan. Kuma ko wane ne, kada ka yarda a fizge maka wuya don ya yi ƙara.

Tausar Tailan ta fi dacewa da wanda ba ya son tuɓe kaya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. A kan katifa a ƙasa ake yi, da sakakkun tufafi a jiki, babu mai. Lanƙwasa gaɓoɓi ake yi ana miƙar da su. Tana sake jikin wanda zama ya sandarar, amma mai matsalar faifan ƙashin baya ko wanda aka yi wa aikin gwiwa ya nisance ta.

Ta dutse mai ɗumi daɗi ce kawai aka ƙara wa ta Suwidin, da ƙarin kuɗi. Duwatsun a ruwa ake ɗumama su, wajen digiri 50, kuma wanda za a ajiye a baya dole a sa tawul a ƙarƙashinsa. Mai ciwon suga da jijiyoyinsa suka fara mutuwa zai ƙone bai sani ba. Tausar tafin ƙafa tana hutar da wanda ya wuni a tsaye, amma in aka ce za ta wanke maka ƙoda ko ta warkar da hawan jini, riƙe kuɗinka, kuma kada ka ajiye maganin asibiti saboda ita.

Sai ƙaho, wanda ba baƙo ba ne a Agege ko Idi-Araba, da yawa ma don sunna suke yi. Akwai busasshe, wanda kofi ke zuƙar fata kawai, akwai mai tsaga a fitar da jini. Kofin kada ya wuce minti 5 zuwa 10 a wuri ɗaya, in ya daɗe fata na yin bororo. Shacin yakan ɓace cikin mako ɗaya zuwa biyu. A mai tsaga, tsafta ce komai. A ɓare sabuwar reza a gabanka, kofunan roba su zama sababbi a leda, mai yin ya sa safar hannu, a goge fatar kafin da bayan. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa kwana 7 a busasshen jini, don haka ɗauraye aska ko ƙahon dabba da ruwa ba ya kashe ta. Wanzamin da ya san darajar sana'arsa ba zai ji haushi don ka zo da rezarka da kofunanka ba. Mai ƙarancin jini, mai sikila, mai juna biyu da wanda rauninsa ke jinkirin warkewa, kada su yi mai tsaga sai da izinin likita.

Man shafawa ma abin tambaya ne. Man kaɗanya, wanda za ka nema da sunan ori a kasuwannin Legas, yana da kyau ga busasshiyar fata, sai dai a gumin garin nan yana da nauyi. Man kwakwa ya fi saurin bin jiki. Cokali 2 na cin abinci sun isa jiki gaba ɗaya. Man ƙamshi mai ƙarfi, irin na lafenda ko na na'a-na'a, ba a shafa shi tsura: ɗigo 2 a ƙaramin cokali na man kwakwa, a gwada a cikin damtse a jira awa 24. Man zafi irin Robb ko Aboniki kada a haɗa shi da dutse mai ɗumi ko gashin ruwan zafi, ƙuna ake samu. Duk na kwalba, duba lambar NAFDAC.

Wajen wuri, Ikoyi, Victoria Island da Lekki sun fi Ikeja, Surulere da Yaba tsada, kuma kaso mai yawa na bambancin kuɗin haya ne da na ado. Kafin ka biya, nemi ganin ɗakin. Shinshina tawul: in yana warin tsohon mai ko danshi, ba a sauya shi tsakanin mutum da mutum. Wanda bai tambaye ka lafiyarka, magungunan da kake sha, ko mace tana da ciki ba, bai san aikin ba. Mai ciki a gefe ake kwantar da ita da matashi tsakanin gwiwoyi, ba rigingine ba. Tambayi ko minti 60 ɗin na tausa ne cur, ko har da sauya kaya da wanka. Tun a waya ka faɗa cewa namiji kake so, mace kuma ta ce mace, kuma a rufe jiki sai wurin da ake aiki a kai. Akwai wuraren da tausa suna ce kawai, baɗala ake sayarwa; tallarsu takan nuna hotunan 'yan mata maimakon bayanin aiki.

Mai tausar da ke zuwa gida yana cece ka daga gosulo, wanda kan iya mayar maka da gajiyar kafin ka isa ƙofa, ya kuma fi sauƙi ga matan aure da tsofaffi. Amma a ɗauko shi ta hanyar wanda ya san shi, a ga katin shaidarsa, wani ya kasance a gidan, kada kuma a tura cikakken kuɗi kafin ya iso. Masu maganin gargajiya a jihar akwai hukumar da ke yi musu rajista, ba laifi ka nemi ganin takardar.

Wanda gajiyarsa ta kullum ce, ƙaramin injin tausa mai caji ya fi masa araha, ya kuma fi mai jona wa soket saboda halin wuta. Minti 1 zuwa 2 a kowace tsoka, a mafi ƙarancin gudu, ba a kan ƙashi, gaban wuya ko jijiyar da ta kumbura ba. In an yi mako biyu ana tausa wuri ɗaya ciwon bai ragu ba, kuɗin zama na gaba a kai shi wajen yankar kati a sashen gashin ƙashi.