CAM-ICU: ma'aunin gano ruɗewar hankali a ɗakin kulawa ta musamman

Na daɗe ina amfani da CAM-ICU a gefen gadon majinyata, kuma hukuncina a kansa shi ne: idan ya ce akwai ruɗewa na yarda, idan ya ce babu sai na sake dubawa.

Dokta Wesley Ely da abokan aikinsa na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ne suka fitar da shi a 2001, domin majinyacin da bututun numfashi ya hana magana. Abu huɗu yake dubawa: sauyin hankali na farat ɗaya ko mai zuwa yana tafiya, rashin tattara hankali, matakin farkawa, da hargitsewar tunani. Gwajin tattara hankalin ya fi burge ni, domin haruffa goma ake karanta wa majinyaci, ya matse hannunka duk lokacin da ya ji "A", kuskure fiye da biyu kuwa alama ce. Sai tambayoyi masu amsar e ko a'a, kamar ko dutse yana iya yawo a saman ruwa. Cikin 'yan mintuna an gama.

Wani nazari na 2012 da ya tattara bincike da dama ya nuna yana gano kusan kashi 80 cikin 100 na masu ruɗewa, yana kuma wanke kusan kashi 96 na waɗanda ba su da ita. Takwaransa ICDSC na Kanada, mai alamomi takwas da ake lura da su tsawon lokacin aiki, ya gano kashi 74 na masu ruɗewa, ya kuma wanke kashi 82 na waɗanda ba su da ita.

Inda gizo ke saƙar shi ne aikin yau da kullum. A wani binciken asibitocin Holan na 2011, da ma'aikatan jinya suka yi gwajin cikin hidimarsu ta kullum, kashi 47 kawai na masu ruɗewa CAM-ICU ya gano. Wannan adadi yana damuna ƙwarai, domin wanda aka fi tsallakewa shi ne majinyacin da ya yi lamo, ba ya fizgar bututu, ba ya sambatu, har a ɗauka hutawa yake yi. Mai nauyin ji ma yana iya faɗuwa gwajin alhali hankalinsa kalau, wanda maganin barci ya danne sosai kuwa ba ya gwaduwa sam.

Ina ba da shawarar amfani da shi, da sharaɗin a horar da ma'aikata, a maimaita gwajin a kowane zagayen aiki, a kuma saurari dangin da suka ce, "Ba haka yake ba jiya."