Ƙaramin Zane a Ɗakin Wasan Yara: A Yi Masa Kewaye ko a Jera Shi da Wasu?

'Yar'uwa, kin ce kina da ƙaramin zanen fenti na kan ƙyalle, mai faɗin santimita 20 da tsawon santimita 20, wanda ko ganinsa ba a yi a bangon ɗakin wasan yaranki, kuma kina son sanin wanne ya fi tsakanin yi masa faffaɗan kewaye da jera shi tare da wasu ƙananan zane-zane.

Idan aka ɗora zanen a tsakiyar allon katako mara nauyi, aka bar santimita 10 a kowane gefe, abin da ido zai gani ya koma 40 da 40, wato filin da ya ci a bango ya ninka sau huɗu ba tare da an taɓa zanen ba. Ana iya samun wannan ko da babu katako, ta hanyar fente murabba'i a jikin bangon a rataya zanen a tsakiyarsa. Abin lura shi ne launi: a ɗauko shi daga cikin zanen, amma a sassauta shi, domin kewaye mai kaifin launi yakan janye ido daga abin da aka yi shi dominsa.

Jerawa kuwa tana kai wa ga kusan girma ɗaya, domin zane huɗu masu wannan awo, biyu sama biyu ƙasa, da ratar santimita 5 a tsakani, suna ba da 45 da 45. Amfaninta shi ne yara za su iya ganin zanen hannunsu a cikin jerin, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin yaro. Sai dai tana buƙatar launukan su dace da juna, ratar kuma kada ta yi faɗi, in ba haka ba ido zai riƙa ganin kowanne shi kaɗai da ƙanƙantarsa. Ga kuma ƙusoshi huɗu maimakon ɗaya, kuma da ƙwallo ta bugi bango sai jerin ya karkace.

A ganina kewaye ya fi dacewa da ke, saboda ɗakin wasa ya riga ya cika da launukan kayan wasa, don haka bango yana buƙatar abu guda da ido zai tsaya a kai. Fentin bango ma ya fi katako aminci, tunda babu ƙarin nauyin da zai faɗo wa yaro.

Duk wanda kika zaɓa, kada ki sa gilashi, domin zanen ƙyalle ba ya buƙatarsa. Gidajen baje kolin zane sukan sa tsakiyar hoto a wajen santimita 145 daga ƙasa, amma yaro ɗan shekara huɗu tsayinsa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, saboda haka ki sauko da shi ƙasa da wannan, ki kuma kafe shi ta kusurwoyi biyu na sama yadda ba zai zame ba idan an ja shi.