Hybris ko Vemod: wanne za ka fara saya?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambayi wanne za ka fara saya a cikin faya-fayan kiɗa biyu. Tsakanin Hybris na ƙungiyar Änglagård da Vemod na ƙungiyar Anekdoten, in dai kuɗin faifai ɗaya ne a hannunka, ka sayi Hybris. Duka biyun suna nan a wajena, amma Hybris ne hannu ke fara kaiwa gare shi.

Abin da ya haɗa su yana da yawa, shi ya sa ake yawan jera su wuri guda. Dukansu 'yan Suwidin ne, kowanne shi ne faifan farko na ƙungiyarsa, Hybris ya fito a 1992, Vemod a 1993, kuma a situdiyo ɗaya aka naɗe su, Studio Largen. Dukansu sun juya wa kayan kiɗan zamaninsu baya, suka koma ga na shekarun 1970, musamman Mellotron, wani kayan kiɗa mai maɓallai kamar piyano. Daga nan kuma hanya ta rabu.

Änglagård mutum shida ne. Tord Lindman da Jonas Engdegård a kan jita, Johan Högberg a kan bes (jita mai kaurin murya), Thomas Johnson a kan Mellotron da ogan Hammond da piyano, Anna Holmgren da sarewa, sai Mattias Olsson a kan ganguna, wanda a lokacin shekarunsa 17 kacal. Waƙoƙi huɗu ne a faifan, kimanin minti 44 gaba ɗaya, mafi gajartarsu ta haura minti takwas. Abin da ya sa na fifita shi shi ne babu wurin da aka bar wani ya yi ta nuna gwaninta shi kaɗai don a cike lokaci. Komai a tsare yake. Jita biyun ba sa maimaita juna: ɗaya na riƙe da karin, ɗayar na ba ta amsa ko tana gitta mata. Bes ɗin ƙirar kamfanin Rickenbacker ne, mai kaifin murya, ba ya ɓuya a ƙasa, kana jin sa yana tafiyarsa daban. Ganguna kuwa da wuya su zauna a kan bugu ɗaya na minti guda cur.

Ka saurari Jordrök, ta farko, wadda babu murya a cikinta ko kaɗan. Piyano ne ke buɗe ta shi kaɗai, a hankali, cikin duhu. Kafin ka gama sabawa da shi, duk makaɗan sun auko lokaci guda da ƙarfi, bugun yana karyewa yana komawa. Can sai a janye komai, a bar sarewa da jitar katako, har kana jin numfashin mai busa. Karin da piyano ya fara da shi ba ya ɓata, yana dawowa a bakin wani kayan kiɗan da wata kama. Wannan saƙa ita ce ƙarfin faifan, kuma ita ce ke sa sauraro na goma ya fi na farko daɗi. Kung Bore, ta ƙarshe, mai kimanin minti 13, da jitar katako take farawa, kuma a nan ne za ka fi jin ƙamshin kiɗan gargajiyar ƙasarsu, abin da ya hana su zama kwafin Genesis ko King Crimson, ƙungiyoyin Ingila da suka yi tashe a shekarun 1970, duk da sun sha daga rijiyar su biyun.

Yana da aibi, kar in ɓoye maka. Muryar Tord Lindman siririya ce, ba ta da ƙarfi, kuma da harshen Suwidin yake rerawa. Sai dai waƙar baki kaɗan ce a faifan, su kansu a faifansu na biyu, Epilog na 1994, sun ajiye ta gaba ɗaya. Na biyu, yawan sauyin yana gajiyar da sabon kunne. Wanda ke neman amshin da zai riƙa bi da baki, ba zai samu a nan ba.

Vemod ba mummuna ba ne, amma inuwar wani yake ciki. Anekdoten sun fara ne a garin Borlänge da sunan King Edward, suna kaɗa waƙoƙin King Crimson, kuma har suka shiga situdiyo wannan rigar ba ta gama fita daga jikinsu ba. Duk wanda ya san Red, faifan King Crimson na 1974, zai gane inda aka ɗauko nauyin bes ɗin da zafin jitar. Mutum huɗu ne, waƙoƙi bakwai, da Turanci, kuma babban gogen nan cello da Anna Sofi Dahlberg ke ja shi ne abin da ya fi zama nasu na kansu. Karelia, ta buɗewa, tana da kyau ƙwarai. Ya fi Hybris sauƙin shiga kunne a ranar farko, shi ke nan. In ba ka da Red, shi ya kamata ka nema kafin Vemod.

Tunda Mellotron ne ginshiƙin su biyun, ka san yadda yake aiki don kar ka ɗauka faifanka ne ya lalace. Samfurin M400 da aka fi sani yana da maɓallai 35, kowane maɓalli da nasa zaren kaset, wanda aka naɗi sautin goge ko sarewa ko muryoyin mutane a kai. Ka danna, zaren ya gudu na kimanin daƙiƙa 8, ya ƙare, sai ka ɗaga yatsa ya koma farko. Shi ya sa makaɗin ba ya iya riƙe sauti ya daɗe, dole ya riƙa sauya yatsu. In kuma aka danna maɓallai da yawa lokaci guda, injin da ke jan zaren yana jin nauyi, sautin ya ɗan yi rawa ya sauka. Wannan rawar daga kayan kiɗan take. A Vemod an shimfiɗa Mellotron da kauri, kusan ko'ina. A Hybris ana shigo da shi ne a inda ake bukata a janye, shi ya sa in ya shigo tsigar jiki ke tashi.

Wajen sauraro, kuskuren da aka fi yi da Hybris shi ne saita ƙara a kan piyanon farko. Tazarar da ke tsakanin wurin shiru da wurin ƙarfi tana da faɗi, in ka ƙure ƙara tun farko, lasifika za ta fara shaƙewa da zarar ganguna sun shigo. Ka tura gaba zuwa wuri mai ƙarfi, ka saita a nan, sannan ka dawo farko. Kar ka yanke masa hukunci da lasifikar waya, don ba ta fitar da bes, kuma bes shi ne rabin labarin. A cikin mota ma ƙugin inji zai cinye sarewar. Abin kunne mai kyau da ɗaki shiru sun isa. In fayil za ka saya, FLAC, wanda ba ya rage ingancin sauti, ko aƙalla MP3 mai lambar inganci 320. Na 128 da ake ta turawa daga waya zuwa waya yana dagula kuge da Mellotron, su koma kamar ruwa a kan kwano.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa a intanet. Hybris ya sha ƙarewa a kasuwa, kuma duk abin da ya yi wuya jabunsa na yawa. Kafin ka tura ko sisi, ka ce a ɗauko maka hoton bayan faifan a cikin haske. Wanda aka buga a masana'anta fari ne kamar azurfa, wanda aka ƙona a kwamfuta yakan yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi. Ka nemi hoton zoben ciki, kusa da ramin tsakiya, inda lambobi suke, ka gwada su da abin da ke Discogs, shafin intanet mai tattara bayanan faya-fayai. Ga wani tarko: lambar IFPI, wadda ke nuna masana'antar da ta buga faifan, a 1994 aka fara sa ta a faifai. Duk wanda ya ce maka nasa bugun farko ne na kamfanin Mellotronen na 1992, alhali akwai IFPI a zoben, bugun baya yake son sayar maka da farashin na farko. Haka in ka ga waƙa ta biyar, Gånglåt från Knapptibble, ƙari ce da aka sa a bugun baya. Ba laifi ba ne, ni ma shi zan ce ka saya don ya fi araha kuma ka sami ƙari, amma kar a karɓi kuɗin na asali a kansa. Wanda ya ƙi turo hoto ya ce ka yarda da shi kawai, ka rabu da shi.

Kar ka bi ta kan faifan garmaho sai in kana da wurin ajiya mai sanyi. Zafin watan Afrilu na lanƙwasa shi, ƙurar hunturu na shiga layukansa, ga kuɗin aikensa da ya fi na aiken CD. Ka sayi Hybris a CD, bugun baya mai waƙoƙi biyar, ka ba shi sauraro uku a jere kafin ka ce komai. In kuɗi ya sake shigowa, Epilog za ka bi da shi, Vemod ya jira.