Echo Spot a gefen gado: agogo ne mai kyau, amma sai da wuta da intanet

Echo Spot ƙaramar na'ura ce ta kamfanin Amazon da ake ajiyewa kusa da gado, ana ba ta umarni da baki ta hanyar Alexa, mataimakiyar murya ta kamfanin. Wadda ake magana a kai a nan ita ce ta shekarar 2024, wadda ta fito a Amurka a kan dala 79.99. Kada a rikita ta da ta 2017 mai suna iri ɗaya, wadda take da kyamara kuma ta fi tsada. Siffarta kamar ƙoƙo ne aka jingina a gefensa, faɗinta bai wuce santimita 11 da ɗan abu ba. Rabin fuskarta na sama allo ne mai inci 2.83, rabin ƙasa kuma lasifika ce mai inci 1.73 da aka lulluɓe da yadi. A samanta maɓalli uku ne: na ƙara murya, na ragewa, da na kashe makirufo. Ba ta da kyamara, ba ta da ramin sa abin sauraro na kunne, kuma, wanda shi ne babban zancen, ba ta da batir ko kaɗan.

Hukuncinmu a kanta shi ne, ga wanda wutar gidansa ba ta yankewa da dare, Wi-Fi ɗinsa yana kunne har safe, kuma yana iya ba da umarni da Turanci ko Faransanci ko Larabci, kuɗinsa ba su tafi a banza ba. Wanda ɗaya daga cikin ukun nan ya gaza masa, agogon batir na kasuwa ya fi masa aminci wajen tashin Asuba.

Abin da ta ƙware a kai shi ne zama agogo. Lambobin manya ne, ana karanta su daga ƙarshen ɗaki ba tare da tabarau ba, kuma allon yana rage haske da kansa in an kashe fitila. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yawancin masu duba lokaci a waya cikin dare ba sa tsayawa a lokacin, sai saƙon WhatsApp ya ja su, barci ya watse. Allon Spot ba shi da abin da zai riƙe ido: ba ya nuna bidiyo, ba YouTube, ba a shiga shafuka da shi. Lokaci, yanayin gari, sunan abin da ake saurare, shi ke nan. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin gazawa, amma a ɗakin kwana alheri ne.

Ƙararrawa ana saita ta da baki. In ta kaɗa, a ɗan bugi saman na'urar da tafin hannu sai ta yi shiru na minti 9 ta sake kaɗawa. In ana so ta tsaya gaba ɗaya sai a ce "Alexa, stop". Akwai abu biyu a nan da ke kayar da sababbin masu ita. Na farko, ƙarfin muryar ƙararrawa daban yake da na sauran sauti. Mutum zai ƙure maɓallin sama ya kwanta da tunanin ya gama, alhali ƙararrawar tana can ƙasa. A cikin manhajar Alexa ta waya ake ɗaga ta, a sashen ƙararrawa. Na biyu, a tabbatar da safe ne ko yamma. In ka ce biyar kawai, takan tambaya, kuma in fanka na ƙara ko ka amsa cikin magagi tana iya jin akasin abin da ka faɗa. Duba allon bayan kowane saiti, yana nuna lokacin da ta riƙe.

Lokacin Asuba ba ya zama wuri ɗaya. A Kano, tsakanin watan Yuni da ƙarshen Janairu ketowar alfijir tana motsawa da kusan sa'a guda. Ƙararrawar da aka sa ta maimaita kullum ba ta bin wannan motsi, inda ka ajiye ta nan take. Don haka duk mako biyu a gyara ta, ko a bar wannan aikin ga manhajar lokutan salla ta waya.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ke raba mai amfana da mai nadama. Na'urar tana zuwa da adafta mai wat 15, kuma da zarar an ɗauke wuta ta mutu nan take. In aka ɗauke ƙarfe uku na dare ba a dawo da ita ba sai bakwai, ƙararrawar biyar ba za ta kaɗa ba, kuma babu wani gargaɗi. In wutar ta dawo ma, sai ta tashi, ta nemi Wi-Fi, ta karɓo lokaci daga intanet kafin ta zama agogo. Ke nan in rautar gidan, wato na'urar da ke ba da Wi-Fi, ba ta tashi ba, ko data ta ƙare cikin dare, za ta zauna tana neman hanya. Yanayin da ya fi sauƙi shi ne akwai wuta amma intanet ya yanke: ƙararrawar da aka riga aka saita tana kaɗawa, sai dai in an zaɓi a tashe ka da rediyo ko waƙa, za ta koma ga sautinta na asali, kuma ba za ka iya saita wata sabuwa da baki ba sai sabis ya dawo.

Mai inbata ko sola da ke kai shi safe ba shi da wannan damuwa. Ga wanda ba shi da su, mafita ita ce ƙaramin batirin ajiya irin wanda ake sa wa rauta, mai fitar da bolt 12. A duba rubutun jikin adaftar a tabbatar bolt ɗin ya yi daidai, batirin kuma yana iya ba da amfiya da aka rubuta ko fiye. A kuma gwada kan igiyar batirin a jikin na'urar tun a shago, domin waɗannan kawunan masu siffar bututu girmansu ya bambanta, wanda ya yi sako-sako zai riƙa kashe na'urar da ɗan motsi. Ga lissafin da ya kamata a yi kafin a biya: batirin da aka rubuta masa 10,000mAh a kan bolt 3.7 yana ɗauke da wat-awa 37. In Spot da rauta tare suna cin wat 8, a takarda awa huɗu da rabi ke nan, a zahiri ƙasa da haka saboda asarar da ake yi wajen juya ƙarfin wuta. Wannan ba zai kai ka daga sha ɗayan dare zuwa Asuba ba. Sai dai mai ninki biyu, ko a ba kowace na'ura nata batirin.

Adaftar tana karɓar bolt 100 zuwa 240, saboda haka ta Amurka ma tana aiki a kan wutar Najeriya da Nijar. Matsalar a ƙafafun fulogi take. Ta Amurka ƙafa biyu ce masu faɗi, soket ɗin Najeriya da Ghana mai ƙafa uku ne irin na Ingila, na Nijar da Kamaru da Chadi kuma ya fi karkata ga mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa. In da hali a sayi wadda aka yi wa ƙasar da soket ɗinta ya dace da naka. Mahaɗin fulogi mai araha yakan yi sako-sako, nauyin adaftar ya rinjaye shi cikin dare. Kuma kada a jona ta kai tsaye a bango inda wuta ke dawowa da ƙarfi. A sa ta bayan abin kare tashin wuta, don adaftar ce ke fara ƙonewa, kuma samun irinta ta asali ya fi samun cajar waya wuya nesa ba kusa ba.

Haɗa ta da intanet ba ya ɗaukar minti goma in komai na nan: asusun Amazon, manhajar Alexa a waya, da Wi-Fi. Kafin ka sayi na'urar, fara neman manhajar a rumbun manhajojin wayarka ka sauke ta ka shiga. In ba ta bayyana ba saboda ƙasar da asusunka yake, to ka san da aiki a gabanka, kuma gara ka sani kafin kuɗi su fita. Bayan an haɗa, abu uku ake gyarawa nan take: yankin lokaci, wanda na Najeriya da Nijar sa'a ɗaya yake gaban na Ghana, adireshin inda na'urar take, in ba haka ba za ta riƙa faɗa maka yanayin wani gari a Amurka, da ma'aunin zafi, a mayar da shi Salsiyos. Masu amfani da MiFi wani lokaci, wani lokaci kuma Wi-Fi na waya, ga dabara: a ba su suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, sai Spot ta riƙa kama duk wanda ke kunne ba tare da an sake saiti ba. Amma in wayarka ce kaɗai tushen intanet a gidan, duk fitar da ka yi agogon ya kurmance.

Umarni da duba yanayi ba sa cin data sosai. Sauti ne ke ci. Rediyo ko karatun Alƙur'ani da ke zuwa a kan kilobit 128 a daƙiƙa yana cin kusan megabait 58 a awa. In aka bar shi awa takwas kowane dare, a wata ya doshi gigabait 14. Magani biyu ne. A riƙa sa mata lokacin tsayawa, misali bayan minti talatin. Ko kuma, wanda ya fi, a sauke karatun a waya sau ɗaya a riƙa tura shi ta Bluetooth, Spot ta zama lasifika kawai. Sautinta ya ishi ɗaki ɗaya, muryar mai karatu ko mai labarai tana fita tas, ta fi ta waya cika. In aka ƙure ta da kiɗa mai ganga sai ta fara shaƙewa, ba don biki aka yi ta ba.

Alexa ba ta jin Hausa. Tana jin Turanci, Faransanci, Larabci, Jamusanci, Sifaniyanci, Hindi da wasu kaɗan, Larabcin ma an fara shi ne a ƙarshen 2021 don Saudiyya da Daular Larabawa. Ko da Turancin ne, sunayenmu na wahalar da ita: sunan gari, sunan malami, sunan tashar rediyo, sau da yawa sai ta kawo wani abu dabam. Abin da ke taimakawa shi ne a gwada nau'o'in Turancin da ke cikin saiti, na Ingila da na Indiya da na Amurka, a tsaya a wanda ya fi kama lafazinka. Ga abin da ake so kullum, a shirya shi a manhaja a ɗaura masa gajeren umarni guda, yadda kalma biyu za su kunna tashar ba sai an furta sunanta ba. Wannan ya sa bai dace a saya wa Baba ko Inna ita a matsayin tsaraba ba in ba sa jin ɗayan harsunan nan. Ba za su iya ko sauya ƙararrawa ba sai sun kira wani.

Makirufo a ɗakin kwana abu ne da ya kamata miji da mata su yarda da shi tare. Na'urar tana sauraren kalmar tashinta, wato "Alexa", a kowane lokaci, kuma da ta ji ta, ko ta zaci ta ji ta, abin da ya biyo baya yana tafiya kwamfutocin Amazon. Takan tashi bisa kuskure, daga hira ko daga talabijin. A 2023 kamfanin ya amince ya biya tarar dala miliyan 25 a Amurka kan zargin ajiye muryoyin yara fiye da ƙima. Akwai abin yi. A sashen sirri na manhajar ana iya zaɓar a goge rikodin bayan wata 3 ko wata 18, ko kada a ajiye sam. A zaɓi na ƙarshen. A kashe damar da ke barin wata na'urar Echo ta buɗe magana da ɗakin ba tare da an amsa ba. Maɓallin makirufo kuma yana yanke sauraro gaba ɗaya, ja ya bayyana, kuma ƙararrawa tana kaɗawa duk da haka. Wato ana iya saita ta, a danna maɓallin, a kwanta. In sunan wani a gidan yana kama da Alexa, a sauya kalmar tashi zuwa Echo ko Ziggy.

Akwai wani haɗari da ba a gani a kwali. Irin wannan na'ura rabin ƙwaƙwalwarta a hannun kamfani yake. Chumby, wani agogon gefen gado mai intanet da ya fito kasuwa a 2008 a kan kusan dala 180, ya samu masoya ƙwarai. Kamfanin ya durƙushe, a 2013 aka rufe hidimar, na'urorin suka koma nuna lokaci da ɗan abin da ba a rasa ba, sai a 2014 aka dawo da ita da kuɗin wata-wata. Sony Dash, wanda aka gina a kan tsarin Chumby, an daina hidimarsa a 2017. Amazon ya fi waɗannan ƙarfi a wannan fage, amma shi ke da ikon ƙara abu ko cire shi ba tare da ya tambaye ka ba. A sayi Spot da lissafin 'yan shekaru, ba kamar rediyon da ake gada ba.

Wanda yake son allo babba ya duba Nest Hub na Google, ƙarni na biyu, na 2021: inci 7, ba kyamara, yana nuna bidiyo, kuma yana da ɗan na'urar rada (radar) da ke bin numfashi da motsin mai barci. Shi ma ba batir, ba Hausa, kuma haskensa ya fi yawa a ɗaki mai duhu.

In Spot ta hannu za a saya, kada a biya sai an jona ta a shagon. A haɗa ta da Wi-Fi na wayarka, a yi mata rajista da asusunka a gaban mai sayarwa. Wadda aka kai rahoton ɓatanta ko satarta Amazon yakan toshe ta, ba za ta karɓi rajista ba komai gogewar da aka yi mata. A saurari lasifikar da murya sama ko tana karkarwa, a shafa allon ko'ina a ga yana amsawa, a danna maɓallin makirufo a ga ja ya fito. A gida kuma a ajiye ta aƙalla tafin hannu ɗaya daga bango, nesa da bakin fanka don ta ji magana, kuma lokacin hunturu a riƙa share yadin gabanta da busasshen burushi mai laushi, don ƙura na toshe shi sautin ya dushe. Daren farko da na biyu a bar ƙararrawar waya a kunne minti biyar bayan tata, har a ga yadda wutar unguwar take yi da ita.