LED ko dogon ƙwai don shuka a ɗaki: wanne ya fi cin kuɗi?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsakanin farantin LED da dogon ƙwan fulorasen da kake tambaya, ɗauki LED kawai. Duka biyun na riƙe, ɗaya ne zan sake saya.

Ranar saye dai dogon ƙwai ya fi araha, wannan ba gardama. Sai dai fitilar shuka ba irin ta falo ba ce da za ka kunna da magariba ka kashe in za ka kwanta. Awa 14 zuwa 16 take yi a kunne kullum, don haka a mita ake sanin tsadarta. Ka ninka wat da awannin da take yi, ka ninka da kwana 30, ka raba da 1,000, ka sami yunit ɗin wata. Farantina wat 100 yake ja, awa 14 a rana, yunit 42 ke nan. Kafin shi dogayen ƙwai huɗu, siraran nan da ake kira T5, nake kunnawa a kan kanta ɗaya, kowanne wat 54, jimla 216, kusan yunit 91 a wata. Tsakaninsu kusan yunit 590 a shekara. Ninka wannan da farashin yunit a inda kake, ka ga wata nawa farantin zai yi kafin ya maido maka da kuɗinka.

Da na rataya shi, ban ma yarda da shi ba, don siriri ne kamar murfin tukunya, ba fanka, ba ƙara. Na jera dashen tumatir da latas a ƙarƙashi, na bar tazarar kamar kamu ɗaya, na sa masa agogon da ke kunnawa da kashewa. Bayan mako biyu sai ga kara ya yi kauri, ganye ya yi duhu, ba wanda ya miƙe siriri yana neman haske. Uwargida, wadda da take cewa na mai da ɗaki asibiti, ita ce yanzu take tura tukwanen furanninta ƙarƙashinsa in na juya baya. Shekararsa ta uku ke nan, abin da nake masa kawai shi ne goge ƙura. Masu ƙera irinsa kan rubuta awa 50,000, wato kusan shekara goma a lissafin awa 14, ko da yake akwatin da ke ba shi wuta kan riga shi mutuwa, don haka nemi wanda ake iya canja masa akwatin.

Dogon ƙwai kuwa, to, yana tsirar da iri in ka manna shi dab da ganye. Haskensa yana raguwa tun bai mutu ba, ga sinadarin makuri a cikinsa in ya fashe.

Ga abin da ba ka tambaya ba. Ka yi hattara da masu rubuta "1000W" ɓaro-ɓaro a kwali. Na taɓa faɗawa hannun wani mai sayarwa, na ɗauko fitila mai hasken shunayya ina murnar na yi tsintuwa. Da na soka ta a ɗan mitan gwada wat, ko 150 ba ta kai ba. Da na koma, sai ya ce ai ana nufin "daidai da" 1000 ne. Tambayi wat ɗin da take ja daga bango. Kada a ruɗe ka da lumen, wannan awon idon mutum ne. Lambar da ta shafi shuka ita ce µmol/J, wato yawan hasken da shuka ke amfani da shi wanda fitila ke bayarwa gwargwadon wutar da ta ci: mai kyau tana kaiwa 2.5 ko fiye, dogon ƙwai kuwa yana wajen 1. Wanda ya kasa nuna maka wannan lamba da takardar garanti, bar masa kayansa.

Ɗauki mai farin haske, don a ƙarƙashin shunayyar nan ba ka gane ganye ya yi rawaya ko ƙwari sun sauka sai abu ya yi nisa. Wat 100 na gaskiya ya ishi wuri mai santimita 60 tsawo da 60 faɗi. In da mai maɓallin rage haske, ƙara kuɗi ka ɗauke shi, don ƙananan dashe ba sa buƙatar ƙarfinsa duka.